Ba a fafe gora ranar tafiya

Ƴan uwa manoma, darasinmu na yau a kan wata cuta yake wadda ba a kai ta asibiti, amma tana rage hatsi a rumbu. Sunanta "sai gobe". Mutum yana da faƙo a gefen gonarsa, ya ƙudura niyyar gyara shi tun da kaka. Sanyi ya zo, ya ce sai ya wuce. Zafi ya zo, ya ce sai rana ta yi sauƙi. Kafin ya farga hadari ya taso, shuka ta ɗauke hankalinsa, faƙo ya sake shekara ba a taɓa shi ba.

Abin da ya faru a Ilela

A shekarar 1989, wani shirin raya karkara da asusun FIDA ya ɗauki nauyinsa ya kai manoma 13 na gundumar Ilela, ta jahar Tawa, ziyara a yankin Yatenga na ƙasar Burkina Faso. A can suka ga yadda ake gina ramuka a kan faƙo, a zuba taki, a shuka hatsi a ciki. Mutanen can suna kiransu zayi, mu kuwa muna cewa tassa.

Da suka dawo gida, wasunsu ba su tsaya jira ba, suka gwada a ƴan filaye ƙanana. A 1990 damina ta yi ƙarancin ruwa. Gonaki da yawa suka ƙone, amma hatsin da ke cikin tassa ya kai ga girbi. Maƙwabta suka gani da idonsu, suka ɗauka. Cikin ƴan shekaru aka gyara dubban hektoci a kewayen Badagishiri, har faƙon da dā ba mai so ya zama abin saye da kuɗi.

Ku lura da abu ɗaya. Waɗanda suka tsira a wannan shekara sun yi gininsu tun da rani, lokacin da ba wanda ya san yadda daminar za ta kasance.

Me ke kawo jinkiri?

Na farko, girman aiki. Hekta ɗaya, wato fili mai tsawon mita 100 da faɗin mita 100, tana cin rami 10,000 idan an bar mita ɗaya tsakani. Wanda ya dubi wannan adadi gaba ɗaya, gwiwarsa za ta yi sanyi.

Na biyu, jiran kayan aiki su cika. Wani ya ce sai ya sami amalanke, wani ya ce sai ɗansa ya dawo daga cin rani.

Na uku, rashin tsai da lokaci. Aikin da ba shi da rana, kowace hidima tana iya ture shi.

Maganin cutar

1. A raba aikin. Kada a ce hekta, a ce rami 50 a yini. Kwana 5 a mako, ban da Juma'a da ranar kasuwa, rami 250 ke nan. Cikin mako 10 an sami 2,500, wato rubu'in hekta.

2. A ɗaura aikin a kan abin da aka saba. Misali, daga sallar asuba a wuce gona, a dawo da hantsi. A ajiye diga a bakin ƙofa tun da dare.

3. A fara da abin da ke hannu. Diga ɗaya da kwando ɗaya na taki sun isa ranar farko.

4. A nemi abokin aiki. Wanda ya san maƙwabcinsa yana jiransa ba ya komawa barci.

5. A rubuta adadin ramukan kowace rana a littafin yaƙi da jahilci. Idan an tsallake yini ɗaya, kada a bar aikin, a koma washegari.

Masu aikin albasa a Galmi ta gundumar Malbaza, da masu noman rani a Ƙonni, su ma suna iya ware awa ɗaya da safe. Ko rami 20 ne, ya fi babu.

Yadda ake ginin

Faɗin rami ya kai santimita 20 zuwa 30, zurfinsa kamar taƙi ɗaya. A tara ƙasar da aka haƙo ta gefen gangare don ta tare ruwa. A zuba taki cikin tafin hannu ɗaya ko biyu kafin damina. Gara za ta biyo takin, ta huda ƙasa, ruwa ya sami hanyar shiga. Idan an yi ruwa mai kyau, sai a shuka.

Kula da lafiya

Mai jinkiri yana cutar da jikinsa ma. Ginin da za a yi a hankali cikin sanyin Disamba zuwa Fabrairu, shi sai ya yi shi da gaggawa cikin zafin Afrilu da Mayu. A tafi gona da ruwan sha. A wanke hannu da sabulu bayan taɓa taki. Idan diga ta ji wa mutum rauni, a wanke wurin, a je asibiti a ranar, domin cutar tetanos tana shiga ta raunin da ƙasa ko taki ya taɓa.

Tambayoyi

1. Rami nawa hekta ɗaya take ci?
2. Me ya sa ake zuba taki kafin damina?
3. Wace rana za ka fara, rami nawa kuma za ka gina? Rubuta amsar, ka nuna wa malaminku.

Allah ya ba mu damina mai albarka.