Awon jiki: lissafin likita da ƙirar ɗan kokowa

Kaka ta yi, hatsi ya shiga rumbu, ganga ta fara tashi a dandali. Samari sun koma kokowa. Tun 1975, da aka fara kokowar ƙasa a Tawa, yaro da yawa a karkara yana mafarkin ɗaukar takobi. Amma kafin takobi sai lafiya. Darasin yau a kan awon jiki ne.

A gidan likita akwai wani lissafi da ake kira IMC. Ana auna nauyin mutum da kilo, a auna tsawonsa da metir. Sai a raba nauyin da tsawon. Abin da ya fito, a sake raba shi da tsawon.

Ga misali. Mutum yana da kilo 80, tsawonsa metir 1,70. An raba 80 da 1,70, an samu 47,1. An sake raba 47,1 da 1,70, an samu 27,7. Wannan shi ne IMC nasa.

Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta tsara ma'anar lambobin ga manya. Ƙasa da 18,5 rama ce. Daga 18,5 zuwa 24,9 daidai ne. Daga 25 zuwa 29,9 nauyi ya yi yawa. Daga 30 zuwa sama ƙiba ce, wadda ke iya jawo hawan jini, ciwon suga da ciwon zuciya.

To, ina lissafin ya samo asali? Wani masanin lissafi ne ɗan ƙasar Beljik, mai suna Adolphe Quetelet, ya fito da shi a shekarun 1830. Shi ba likita ba ne. Jama'a mai yawa yake aunawa, don ya san matsakaicin mutum. A 1972 wani masani ɗan Amurka, Ancel Keys, ya ba lissafin sunan da ake kiransa da shi yau. Don auna gari guda, lissafin yana da amfani ƙwarai. Don auna mutum guda, yana iya yin kuskure.

Dalili kuwa shi ne, sikeli ba ya da ido. Ba ya bambanta tsoka da kitse. Ga shi kuma tsoka ta fi kitse nauyi in girmansu ɗaya.

A ɗauki maza biyu. Tsawonsu ɗaya, metir 1,70. Nauyinsu ɗaya, kilo 80. Na farko ɗan kokowa ne. Da damina yana huɗa, da rani yana jan guga, da dare yana dandali. Ƙirjinsa faffaɗa ne, cikinsa a ɗame. Na biyu yana zaune a rumfa tun safe har almuru, ga shayi da suga, ga tumbi a gaba. Lissafi ya ba su lamba ɗaya, 27,7, ya ce duka biyun nauyi ya yi musu yawa. Ga na biyu ya faɗi gaskiya. Ga na farko kuwa ya yi masa ƙage.

Nan ne hatsarin yake. In saurayi mai tsoka ya ji an ce nauyinsa ya yi yawa, ya rage tuwo da hura, ƙarfinsa ne zai tafi. Ranar kokowa ƙaramin yaro sai ya kai shi ƙasa.

Akwai wani awo mai sauƙi da ke gyara wannan kuskure, kuma ba ya buƙatar sikeli. A samo igiya. Mutum ya tsaya ba takalmi, a auna shi daga ƙasa zuwa bisa kai, a yanke igiyar. A ninka ta biyu. Sai a zagaya ciki da ita, tsakanin haƙarƙari na ƙasa da ƙashin ƙugu, wajen cibiya. Kada ya shanye ciki! In bakin igiya ya haɗu, lafiya lau. In bai haɗu ba, kitsen ciki ya yi yawa, kuma kitsen ciki shi ya fi ɓarna. Mai tsawon santimetir 170, ya kamata zagayen cikinsa ya kasa 85.

Wanda ya fi buƙatar igiyar nan shi ne tsohon ɗan kokowa. Ya bar dandali, amma bai bar cin da ya saba ba. Kilonsa na iya tsayawa wuri ɗaya, alhali tsoka na raguwa, kitse na ƙaruwa. Mutane na ce masa har yanzu ƙato ne. Ya je a auna masa jini.

Duk da haka kada a yar da IMC. In lamba ta faɗi ƙasa da 18,5, gargaɗi ne na gaske, musamman tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa kuma aikin gona ya yi yawa. Ɗan ƙwallo ko ɗan kokowa da ke ramewa, ya rage wasa, ya ƙara wake, gujiya da nono. In rama ta zo da tari na fiye da mako biyu, sai gidan likita ba jinkiri.

Lambobin nan na manya ne. Ba a aiki da su ga yara, ko ga mace mai ciki.

Aikin aji: wani ɗan ƙwallo yana da kilo 60, tsawonsa metir 1,60. Nawa ne IMC nasa? Wani kuma tsawonsa santimetir 180. Zagayen cikinsa ya kamata ya kasa nawa? Gobe kowa ya zo da igiyarsa.