Koyon Ingilishi da wayar salula

Ƴan'uwa masu karatu a cibiyoyin yaƙi da jahilci na Sassumbrum, da na sauran garuruwan Magariya da Dungas, darasinmu na yau a kan harshen Ingilishi ne. Za mu duba yadda malami da ɗalibansa za su yi aiki da wayar salula wajen koyonsa. A karanta shi da ƙarfi a cibiya, domin wanda bai kai ga karanta jarida ba shi ma ya ji.

Ina ruwanmu da Ingilishi?

Wani zai ce: ni ina zuwa Daura, ina zuwa Baure, ina cin kasuwar Maigatari ran Alhamis, kuma ban taɓa neman tafinta ba. Gaskiyarsa. Ciniki da Hausa ake yinsa a can, kamar yadda ake yi a nan. Amma ku duba abin da muke sayowa. Buhun takin zamani, kwalbar maganin ƙwari, ƙwayar zazzaɓi, allurar dabbobi, da yawansu daga Najeriya suke shigowa, kuma rubutun da ke jikinsu Ingilishi ne. Takardar shaidar biyan kuɗi ma haka. Saƙon da ke shigowa a waya in ɗanka da ke ci-rani a Kano ko Legas ya turo kuɗi ta banki, shi ma haka. Mai sayarwa yana jin Hausa, kwalbar ba ta ji.

Akwai kuma maganar yaranmu. Yaron da ya gama firamare ya shiga kwaleji, tun daga aji na farko, wanda suke kira siziyam, ake fara koya masa Ingilishi. Bayan shekara 4 zai gamu da shi a jarrabawar BEPC. Sannan a watan Maris na 2025 an sa hannu a kan kundin sake gina ƙasa. A cikinsa an rubuta cewa Hausa ce harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci kuma su ne harsunan aiki. Ke nan yaron da ya iya Ingilishi yana da ƙofar da za ta buɗe masa gobe.

Inda wahalar take

Mu da muka koyi karatun Hausa mun saba da abu mai sauƙi: abin da ka gani a rubuce, shi za ka faɗa. In ka ga b da a, ka ce ba. Ingilishi ba ya bin wannan ƙa'ida. Kalmar ɗaya ana rubuta ta one, amma wan ake cewa. Wuƙa ana rubuta ta knife, ana cewa naif, k ɗin farko ba a taɓa shi. Harafin c da muka sani a cikin ciki da cuta, a wurinsu wani lokaci k ne, wani lokaci s ne. Wanda ya ɗauki littafi shi kaɗai yana karantawa da ƙa'idar Hausa, zai haddace abin da babu mai gane shi.

Shi ya sa za ka ga yaro ya cika kaye da rubutu, ya yi shekaru a lakwal, amma in baƙo ya gaishe shi da Ingilishi sai ya sunkuyar da kai. Ba daƙiƙi ba ne. Aji ya cika, malami ɗaya ne, littattafai kaɗan ne. Kafin layi ya zo kan yaro ya buɗe baki, an tashi. Harshe kuwa da kunne yake shiga, da baki yake zama.

To, nan ne waya take da amfani. Tana kawo muryar wanda ya iya harshen. Tana maimaita kalma sau 20 ba ta gaji ba. Abin da ya fi duka, tana ɗaukar muryar ɗalibi ta mayar masa ya ji kansa.

Ba yau aka fara ba

Tsofaffinmu sun san kulob-kulob na rediyo da aka kafa a Nijar a 1962. Mutane su taru su saurari shiri, su yi muhawara a kansa, a ɗauki muryarsu a kai gidan rediyo. A 1964 kuma aka fara koyar da yara ta talabijin a waɗansu makarantu. Wayar salula ma an gwada ta a cibiyoyi irin namu. A 2009 da 2010 an yi wani shiri mai suna ABC a jihohin Doso da Damagaram, tare da ƙungiyar CRS da masu bincike na jami'ar Tufts ta Amurka. An bi ƙauyuka 113. Duka an yi musu karatu iri ɗaya cikin harshen gida. A wajen rabinsu an ƙara da koyon aiki da waya, mutum 5 suna tarayya a kan waya guda. Da aka yi gwaji, waɗanda suka taɓa waya sun fi sauran maki a rubutu da lissafi.

Ba Ingilishi aka koyar a shirin nan ba, amma akwai abin lura a ciki. Wayoyin ƙanana ne, masu maɓalli, babu intanet. Abin da ya kawo bambanci shi ne ɗalibai sun sa hannunsu, sun rubuta saƙo, an ba su amsa. Yau da muke da manyan wayoyi, ka'idar ba ta sake ba. In an jingina waya a tebur, mutum 30 sun zuba mata ido suna kallon majigi, an yi kallo, ba a yi darasi ba.

Shiri kafin darasi

Waya ɗaya mai intanet ta isa cibiya. In da hali a haɗa ta da ƙaramar lasifika, irin wadda ake sa wa memori, domin na baya su ji. A cika mata wuta tun da rana wajen mai sola.

Kun san rezo ba ko'ina yake da ƙarfi ba. Kada malami ya tsaya gaban jama'a yana ɗaga waya sama yana neman sa. Ran kasuwa, ko ran da ya shiga Magariya, sai ya sauko da abin da zai yi aiki da shi na mako guda, ya ajiye a cikin waya. Daga nan ana iya tura wa wata waya ta Bluetooth ko Xender ba tare da an kashe ko dala ba. A tuna, murya ba ta cin kuɗin intanet kamar hoto mai motsi. Kuma a zaɓi gajere. Minti 2 da aka ji sau 5 ya fi rabin awa da aka ji sau ɗaya.

A YouTube akwai darussan Ingilishi na masu farawa birjik. Ana iya rage saurin maganar, a sa ta a 0.75, sai kalmomin su fito ɗaya bayan ɗaya. Malami ya fara kallo shi kaɗai tukuna, domin ba duk abin da ke ciki ne ya dace da zaman jama'a ba.

A fara da abin da aka sani

Ranar farko, malami ya tambaya: wa ya san Ingilishi a nan? Za a ce babu. Sai ya rubuta a allo: mota, tebur, bokiti, direba, tela, asibiti. Duka daga Ingilishi muka aro su, muka gyara su daidai bakinmu. Sai ya sa waya ta faɗi asalinsu: motor, table, bucket, driver, tailor, hospital. Za a yi dariya, tsoro kuma ya ragu. Daga nan ɗalibai su kawo nasu, a ga wanda zai fi tarawa.

Abin da zai faɗi kalmomin shi ne Google Translate. Manhaja ce ta fassara, kyauta ake samun ta. An sa Hausa a cikinta tun 2013. Ka rubuta kalma, ka taɓa hoton lasifika, ta karanta maka.

Ɗaukar murya

Wannan shi ne zuciyar darasin, a ba shi lokaci. A raba ɗalibai biyu-biyu. Ɗaya mai saye, ɗaya mai sayarwa. Na farko ya ce: How much is this goat? Wato nawa ne akuyar nan. Na biyu ya faɗi kuɗi. Malami ya ɗauki muryarsu, ya kunna kowa ya ji. Kada ya yi saurin gyarawa. Ya tambayi sauran: nawa kuka ji ya ce?

A nan za a gamu da tarko. Fifteen 15 ne, fifty 50 ne. Thirteen 13 ne, thirty 30 ne. A kunnen baƙo kusan ɗaya suke. A 15 ana jan ƙarshen kalma, a ce fiftiin. A 50 ƙarfin yana farko, ƙarshen gajere. Wanda ya rikita su a kan dubban naira, ya san abin da ya rasa. A yi ta maimaitawa har kowa ya rarrabe, ko da zai ci mako guda.

Tarko na biyu shi ne p da f. A Hausa ba mu raba su ba, kowa da yadda garinsu ke faɗa, kuma ana fahimtar juna. A Ingilishi raba su dole ne. Pull jawo ne, full cikakke ne. Pan kasko ne, fan fanka ce. Wajen p leɓɓa biyu suke haɗuwa su buɗe. Wajen f haƙoran sama ne ke taɓa leɓen ƙasa. Ga gwaji mai daɗi in akwai rezo: a taɓa hoton makirufo a Google Translate, ɗalibi ya faɗi kalmar, waya ta rubuta abin da ta ji. In ya nufi kasko ta rubuta fanka, sai ya sake. Waya ba ta jin kunyar kowa. Dattijon da ba zai so yaro ya gyara masa ba, yakan yarda da gyaranta.

Gasa da allo

A manyan makarantu na birane ana yin wata gasar tambayoyi mai suna Kahoot, inda kowane ɗalibi ke amsawa da wayarsa. Mu ba mu da wannan wadata, kuma ba mu buƙatar ta. A raba aji gida 4, kowane gida da allonsa da alli. Waya ta faɗi lamba ko kalma. Kowane gida su yi shawara, su rubuta, a ɗaga allo lokaci guda. Mai daidai ya ci maki. Kowa ya ji, kowa ya yi magana, kowa ya rubuta.

Bayan an tashi

Malami yana iya buɗe zauren WhatsApp na aji. Kowace yamma ya tura tambaya ɗaya da murya, masu waya su amsa da murya. Wanda ba shi da ita ya ari ta maƙwabci. Cibiyar Sassumbrum tana iya ƙulla zumunci da wata a Dungas, su riƙa aika wa juna tambayoyi. Ɗan gari da ke karatu a Zinder ko Katsina, a roƙe shi ya shiga ya riƙa amsawa sau ɗaya a mako. Yaran kwaleji kuma in sun zo hutu, ga wurin da za su buɗe baki.

A cibiyar mata, malama ce za ta riƙe zauren. Kada a sa lambar kowa ko hotonta sai da yardarta da ta gidansu. Zauren na karatu ne. In aka fara turo waƙoƙi da jita-jita, a cikin kwana 3 darasi ya nutse.

A yi hattara

Manhajar fassara tana kuskure, musamman in jimla ta yi tsawo. Karin magana kuwa, sau da yawa sai ta mayar da shi shirme. Don haka a kan magani kada wanda ya dogara da ita. Yawan ƙwayar da za a ba yaro, likita za a tambaya. Yawan maganin da za a zuba a ruwan feshi, malamin gona za a tambaya. Abin da muke so kowa ya iya ganewa da idonsa kalmomi ne kaɗan. Poison guba ce. Danger haɗari ne. MFG ranar da aka yi magani ce, EXP ranar da zai lalace. In ka ga EXP 06/2024, tun ƙarshen watan Yuni na 2024 maganin ya gama aiki, kome arharsa kada ka saya.

Akwai kuma ɓarayin waya. Za su turo saƙo da Ingilishi ko Faransanci cewa ka ci kyauta. Ko su kira su ce ka karanto musu lambobi 6 da suka shigo wayarka. Lambobin nan mabuɗin WhatsApp ɗinka ne. Wanda ka ba, ya ƙwace shi, ya shiga roƙon ƴan'uwanka kuɗi da sunanka. Duk saƙon da ba a gane ba, a kawo shi cibiya a karanta tare.

Aikin wannan mako

Kowane ɗalibi ya nemo abu ɗaya a gidansa mai rubutun Ingilishi: kwalin magani, ledar iri, buhun taki, gwangwanin madara. Kwalbar maganin ƙwari kada a ɗauko ta, a kwafo rubutun a kaye, a wanke hannu da sabulu. A nemi EXP a jiki, a rubuta wata da shekara da bik. A zama mai zuwa kowa zai tashi ya faɗi shekarar da Ingilishi, malami ya ɗauki murya. Malaman cibiyoyi su rubuto wa jarida yawan kayan da aka samu lokacinsu ya wuce, da kalmomin da suka fi ba ɗalibai wuya.