Darasi: Tramol da Ciwon Damuwa

Ya ku ƴan'uwa musulmi, mu sani tramol dangin kodin ne. Likita ba ya wuce miligiram 400 a yini, alhali a kasuwa akwai ƙwaya guda mai 225. Wanda jikinsa ya saba da ita, in ya rasa ta sai fargaba, rashin barci da baƙin ciki su taso masa. Wani kuwa damuwar ce ta fara kai shi gare ta. Cuta biyu ke nan, kowace tana rura ɗayar. Don haka gori ba magani ba ne. Mu kai shi asibiti, a rage masa sannu-sannu, a duba damuwar. In ya ambaci kashe kansa, kada mu bar shi shi kaɗai. Allah Ya sawwaƙe, amin.