Darasin Kimiyya: Harshe, Hanci da Ƙwaƙwalwa a Teburin Masu Ɗanɗana Giyar Inabi

Ɗalibai, darasinmu na yau a kan ɗanɗano ne, kuma daga Faransa za mu ɗauko misali, inda ɗanɗana giyar inabi ya zama sana'a har ana koyar da iliminsa a Jami'ar Bordo. Kafin mu yi nisa, ku sani giya haramun ce a Musulunci, kuma ba na kiran kowa zuwa gare ta. Na zaɓe ta ne saboda kaɗan ne abubuwan sha da masana suka yi wa binciken ƙwaƙwaf irin wanda suka yi mata, kuma abin da suka gano ya shafi shayin da kuka sha da safe, da zoɓo, da goro.

Daga inabi zuwa kwalba

Ruwan nunannen inabi cike yake da sukari. Yis, ƙaramar halittar nan da masu gidan burodi ke sa wa kwaɓi, shi ke cinye sukarin ya fitar da abu biyu: iskar kabon dayokzaid da sinadarin itanol mai sa maye, wanda yawanci yakan kai kashi 11 zuwa 15 cikin ɗari na abin da ke cikin kwalba. Louis Pasteur ne ya tabbatar da cewa wannan aikin halitta mai rai ne. A 1866 ya fitar da littafi a kan giyar inabi, inda ya nuna cewa ɗumama ta zuwa wajen digiri 55 yana kashe ƙwayoyin da ke ɓata ta, dabarar da daga baya aka ɗauka ake yi wa madara. Ku riƙe abu ɗaya, don za mu buƙace shi an jima: idan ja ake so, ana barin ɓawon inabin da 'ya'yan cikinsa su jiƙu a ruwan yayin da yis ke aiki; idan fara ce, tun farko ake tace su.

Aikin harshe

Iri biyar na ɗanɗano harshe ke ganewa: zaƙi, tsami, gishiri, ɗaci, sai na biyar da ake kira umami, wato garɗin nan na romon nama da na daddawa. Wani masanin Japan, Kikunae Ikeda, shi ya gano a 1908 cewa sinadarin gulutamet ne ke kawo shi, kuma shi ne farin magin da ake sayarwa a kasuwa. Wasunku sun ga zanen harshe a littafi, an ce zaƙi a gaba ake jin sa, ɗaci a baya. Ku goge wannan zane daga kanku. Duk wurin da ke da ƙwayoyin ɗanɗano a harshe yana jin duka biyar ɗin.

A giyar inabi, harshe yana jin zaƙin sukarin da yis ya rage, da tsamin da ke cikin inabin tun asali, da ɗan ɗaci. Iyakar labarinsa ke nan. To daga ina masu ɗanɗanon ke samo doguwar maganar da suke yi, su ce wannan tana ƙamshin tuffa, waccan tana ƙamshin koren tattasai?

Aikin hanci

Ku dubi yadda gwani ke yi. Yakan zuba kaɗan, abin da bai wuce sulusin kofin gilashi ba. Ya riƙe kofin ta siririyar ƙafarsa don kada ɗumin tafin hannu ya taɓa abin da ke ciki. Ya ɗan juya shi har ruwan ya shafi bangon kofin, sannan ya cusa hanci ya shaƙa. Sai ya kurɓa, ya zuƙi iska ta tsakanin leɓɓansa alhali ruwan na bakinsa, ya jujjuya shi, ya tofar a wani ɗan bokiti da aka ajiye don haka.

Kowane mataki da dalilinsa. Ƙamshi ƙananan sinadarai ne masu tashi sama, kuma juya kofin yana faɗaɗa inda ruwan ke haɗuwa da iska, sai su tashi da yawa. Sanyi yana danne su, ɗumi yana sake su, shi ya sa ake ba da ja a kan digiri 15 zuwa 18, fara kuma a kan 8 zuwa 12. Zuƙar iskar nan kuwa ita ce babbar dabara. Hanci ƙofa biyu gare shi: ta gaba da muke shaƙa, da ta baya da ta haɗe da maƙogwaro. Duk abin da ke bakinka, ƙamshinsa yana haurawa ta ƙofar baya, ƙwaƙwalwa ta haɗa shi da saƙon harshe, kai kuma ka ɗauka duk a baki ka ji. Linda Buck da Richard Axel na Amurka sun gano tushen wannan aiki a 1991, aka ba su kyautar Nobel a 2004. Ɗan Adam yana da kusan iri 400 na masu karɓar ƙamshi a can saman kogon hancinsa. Ku kwatanta 400 da biyar, za ku gane abin da ya sa miya ke zama lami a bakin mai mura.

Wanda ya ce ya ji koren tattasai a giyar inabin Cabernet Sauvignon yana da hujja, domin sinadari iri ɗaya ne ke cikin wannan inabi da cikin tattasan.

Bauri da abinci

A nan nake so ku ƙara natsuwa. Wanda ya taɓa tauna goro ko ɗanyen dabino ya san yadda baki ke bushewa, harshe ya yi kaushi, dasashi ya ɗaure. Baurin nan ba ya cikin biyar ɗin da muka lissafa, jijiyoyin taɓawa ne ke kai saƙonsa. Sinadarin tanin ne ke jawo shi. Miyau yana da furotin da ke sa baki santsi. Tanin yana kama wannan furotin ya dunƙule shi, santsin ya tafi. Tanin ɗin nan ne a cikin bagaruwar da majeman Kano ke jima da ita, yana kama furotin ɗin fata ya hana ta ruɓewa.

Tanin a ɓawon inabi da 'ya'yansa yake zaune, wani kuma yana fitowa daga gangar katakon da ake ajiye giyar a ciki. Yanzu kun ga amfanin abin da na ce ku riƙe: ja tana da bauri, fara kusan babu. Daga nan ne tsarin teburin Faransawa ya samo asali. Suna haɗa ja da naman sa ko na rago, domin furotin ɗin naman yana ɗauke wani kaso na tanin, kitse kuma yana mayar wa baki santsinsa. Baurin shi ma yana wanke maiƙon, sai loma ta gaba ta zo da daɗinta. Fara mai tsami kuwa da kifi suke haɗa ta, tana yin aikin da lemun tsami ke yi a kan soyayyen kifi.

Abinci yana sauya abin sha ta wasu hanyoyin. Gishiri yana rage ɗaci. Zaƙi yana gajiyar da harshe, shi ya sa in ka sha rake sannan ka sha lemu, sai ka ji tsaminsa ya ninku; don haka suke kiyaye kada kayan zaƙin ƙarshen abinci su fi abin shan zaƙi. Itanol kuma yana ƙara wa barkono raɗaɗi, domin mai karɓar saƙo ɗaya suke tsokana a baki.

Ido, kunne da ƙwaƙwalwa

A ganina wannan ne sashen da ya fi kowanne muhimmanci. A 2001 Frédéric Brochet da abokan aikinsa suka buga wani gwaji da aka yi a Bordo. An ɗauki farar giya aka rina ta ja da launi marar ƙamshi, aka ba ɗalibai 54 masu karatun wannan fanni su shaƙa. Sai suka siffanta ta da kalmomin da ake siffanta ja da su. A 2008 kuma, a Kalifoniya, Hilke Plassmann da abokan aikinta suka sa mutane cikin na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, aka ba su giya ɗaya sau biyu, sau ɗaya aka ce ta dala 90 ce, sau ɗaya aka ce ta dala 10. Sun ce mai tsadar ta fi daɗi, kuma sashen ƙwaƙwalwar da ke auna jin daɗi ya fi motsawa a lokacin. Ba ƙarya suka yi ba, abin da suka sa rai da shi ne ya shiga cikin abin da suka ji.

Saboda haka ake rufe sunan kwalba a wurin gasa. A ranar 24 ga Mayu, 1976, wani ɗan kasuwa ɗan Ingila, Steven Spurrier, ya shirya irin wannan zama a Faris, alƙalai tara Faransawa suka ɗanɗana ba tare da sanin wacce ce wacce ba. Giyar Kalifoniya ce ta zo ta ɗaya, a ja da a fara, a gaban manyan gidajen Faransa. A teburin abokai ma haka abin yake: wanda ya fara buɗe baki yakan ja sauran, shi ya sa gwanaye ke rubuta hukuncinsu shiru kafin a soma hira.

Tofarwar nan da muka gani ita ma da dalilinta. Itanol yana dusashe hanci da hankali, hanta kuma tana mayar da shi wani sinadari mai guba kafin ta kawar da shi. Hukumar binciken cutar daji ta duniya ta daɗe da sa barasa a rukunin farko na abubuwan da ke jawo cutar, kuma a Janairun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu adadin da za a sha a ce ba shi da illa. Tsadar kwalba ba ta sauya wannan.

Aikin gida

Ku dafa baƙin shayi, ku bar ganyen ya jiƙu minti goma, kada ku sa sukari. Ku kurɓa ku rubuta abin da bakinku ya yi, sannan ku zuba madara ku sake kurɓa. Bayan haka ku yanka gwanda da mangwaro daidai wa daida, ku sa wani a gida ya rufe ido ya toshe hanci, ku ba shi ya faɗi wanne ne. Sai ya saki hancin yana cikin tauna. Na ƙarshe, ku haɗa ruwan lemun tsami da sukari, ku raba kofi biyu, ku ɗiga wa ɗaya jar kalar abinci, ku ba mutum biyar ɗaya bayan ɗaya, kada wani ya ji amsar wani. Kowa ya zo da abin da ya rubuta a darasi na gaba.