Me Ya Sa Wutar Kyandir Ruwan Ɗorawa Ce, Ta Gas Kuma Shuɗiya?

Wani mai sauraronmu daga Damagaram ne ya aiko da wannan tambaya, kuma ta yi mana daɗi ƙwarai.

To malam, abin ya danganta ne da inda mai ke gamuwa da iska. A kyandir, zafi ke narkar da kaki, lagwani ya zuƙe shi sama, ya zama tururi. Tururin nan ba shi da iskar oksijin a tare da shi. Sai ya riƙa bazuwa waje, iska tana kutsowa ciki, su haɗu a gefen harshen, can ne wutar ke ci. Duba kusa da lagwani, za ka ga wani ɗan duhu: tururi ne da iska ba ta kai masa ba tukuna. Ƙarancin iskar nan ke haifar da ƙwayoyin kunkunniya, zafi ya sa su haskaka ruwan ɗorawa. Ɗora cokali a kan harshen, nan take zai yi baƙi. Haka aci-bal-bal da itacen girki suke. Masana biyu ne, Burke da Schumann, suka fitar da lissafin irin wannan harshe a 1928.

Murhun gas kuwa yana jawo iska ya gauraya ta da gas tun kafin wuta ta kama, dabarar da Robert Bunsen ya inganta a Jamus wajajen 1855. Shi ya sa ba a samun kunkunniyar da za ta haskaka ruwan ɗorawa, sai wutar ta fito shuɗiya.

Don Allah, in wutar murhunku ta koma ruwan ɗorawa, a kashe a share ƙofofin iskarsa. Yana iya fitar da iska mai guba marar wari.