DARASI NA TARA: Kira Zuwa ga Aure da Jiran Lokacin Allah

Kafin a fara, mai jan darasi ya sa a karanta Farawa sura 24 duka, da Tobit sura 3. Surar Farawa tana da tsawo, amma kada a yanke ta, gama abin da mu ke nema yana warwatse cikinta.

'Yan'uwa, idan an ce wane yana da kira, hankalinmu ya kan tafi ga yaron da ya shiga makarantar firistoci, ko yarinyar da ta ɗauki mayafin sista. Ekklesiya kuwa tana koyar da cewa aure ma kira ne. Manzo Bulus, wanda shi kansa bai yi zaman aure ba sa'ad da ya ke rubutu, ya nuna wa Korintiyawa cewa kowa da irin baiwar da Allah ya ba shi (1 Korintiyawa 7:7). Aure tsakanin mutum biyu masu baftisma sakramenti ne, ɗaya daga cikin bakwai. Ba Fada ne ya ke ba da shi ba. Ango da amarya su ne su ke ba juna ta wurin yardarsu, Fada kuwa shaida ne a madadin Ekklesiya. Saboda haka tambayar da ta wajaba a kan saurayi da budurwa ita ce, ko ta wannan hanya Allah ya ke so in bauta masa, tare da wa, a wane lokaci kuma.

Mu duba bawan Ibrahim. An aike shi nemo wa Ishaku mata, ya ɗauki raƙuma goma, ya isa bakin rijiya da maraice, lokacin da mata su ke fitowa ɗiban ruwa. Ya yi addu'a, ya roƙi alama. To, ku lura da irin alamar. Bai ce wadda ta ɗaura jan zane ba, ko wadda ta fara fitowa. Ya roƙi wadda za ta shayar da baƙo, ta kuma ƙara da shayar da dabbobinsa ba tare da an roƙe ta ba. Duk wanda ya taɓa ganin raƙumi mai ƙishi yana sha ya san raƙuma goma ba aikin tulu ɗaya ba ne. Ashe hali ya je nema. Sa'an nan, ko da Rifkatu ta fara aikin, bai yi tsalle ya ce an amsa ba. Ya tsaya shiru yana kallo har ta gama (aya 21), ya tambayi gidan ubanta, ya shiga ya bayyana wa danginta maganar daga fari har ƙarshe. Daga bisani aka kira yarinyar aka tambaye ta ko za ta tafi, ta yarda da bakinta (aya 58).

A nan ne na ke ganin matasanmu su kan yi tuntuɓe. Wani ya zo ya ce ya yi mafarki, wata ta ce wani mai addu'a ya gaya mata sunan mijinta. Ba mu ce Allah ba ya magana cikin mafarki ba, gama ya yi wa Yusufu mijin Maryamu haka. Amma mafarkin da ya ke ƙin bincike, wanda ba ya so iyaye su ji, ba ya so katikis ya tambaya, lalle a yi hankali da shi. Ka dubi yadda ta ke yi da uwarta. Ki dubi abin da ya ke yi da kuɗin citta idan ya sayar, ko a gidan burkutu rabinsa ya ke ƙarewa. Idan kun saɓa, wa ya ke iya cewa na yi kuskure? Kuna iya yin addu'a tare? Waɗannan ne raƙuman da a ke shayarwa a zamaninmu.

Yardar Rifkatu ma ba ƙaramin abu ba ce. Dokokin Ekklesiya, waɗanda Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya tabbatar a 1983, sun tsaya a kan cewa yardar mutum biyun ita ce ta ke ƙulla aure, ba kuwa mai iya ba da ita a madadinsu. Auren da aka yi da tilas ko da tsoro mai tsanani bai ƙullu ba. Iyaye su ji wannan da kyau: an karɓi sadaki, an ci, ba shi ne dalilin tura yarinya gidan da ba ta so.

Akwai abu biyu na ƙasarmu da bawan Ibrahim bai gamu da su ba. Tun da Kafanchan ta zama mahaɗar hanyar jirgin ƙasa wajen 1927, mutane su ke cuɗanya a nan: Fantswam, Kaninkon, Bajju, Atyap, Ham, mutanen Kagoro, Hausawa, Fulani, Ibo, Yarbawa. Ba abin mamaki ba ne ɗan Katolika ya ga 'yar ECWA ko 'yar Baftis ya so ta. Ekklesiya ba ta rufe wannan ƙofa ba, amma sai da iznin Bishop, ɗan Katolikan kuma ya yi alkawarin riƙe bangaskiyarsa da yin iyakacin ƙoƙarinsa 'ya'yan su sami baftisma da tarbiyya cikin Ekklesiya, a kuma sanar da ɗayan wannan alkawari. Idan kuwa wanda a ke so ba shi da baftisma, maganar ta fi nauyi, sai Bishop ya ɗauke hani kafin auren ya ƙullu. A kai wa Fada maganar tun da wuri, kada a jira sai an buga katin gayyata. Na biyu shi ne gwajin jini. Idan namiji AS ne, mace kuma AS, kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu na zuwa da ciwon sikila. A yi gwajin tun soyayya ba ta yi nisa ba, domin a yanke shawara da ido buɗe.

Yanzu mu zo ga jira, wanda shi ne ya fi ciwo.

Saratu 'yar Raguwel, a cikin Tobit, an aurar da ita sau bakwai, kowane miji ya mutu a daren farko. Baiwar gidan ubanta ta yi mata gori har ta hau ɗakin sama da nufin kashe kanta. Tunanin tsufan ubanta ya tsai da ita, ta juya ga addu'a. A ranar nan kuma, can Nineba, Tobit makaho yana roƙon mutuwa. Ba wanda ya san da ɗaya, amma an ji addu'arsu tare, aka aiko mala'ika Rafayel, maganin ɗayan kuwa yana ɗaure da na ɗayan. Akwai 'yan'uwa mata a cikinmu da sun haura shekara talatin, kowace Kirsimati in sun koma ƙauye sai an tambaye su. Akwai samari a ƙasar Jaba da Kachia waɗanda su ka sa rana bisa ga amfanin gona, cutar da ta faɗa wa citta a damunar 2023 ta ruɓar da shi a ƙasa, aka ɗaga biki. Wanda bakinsa ya zama irin na baiwar nan, ko cikin Zumuntar Mata ne, ya tuba.

Ishaku yana da shekara 40 sa'ad da ya auri Rifkatu, bai ga 'ya'ya ba sai yana da 60 (Farawa 25:20, 26). Auren da Allah da kansa ya shirya ke nan, ya zo da jiran shekara 20 a cikinsa. Uwarsa kuwa, da jira ya dame ta, ta ba Ibrahim Hajaratu, gidan bai ƙara samun zaman lafiya irin na dā ba (Farawa 16). Sauri ya kan haifi nawa.

Ga wani labari daga ƙasar Faransa. Luwi Martan, mai gyaran agogo, ya nemi shiga gidan sufaye, aka mai da shi domin bai iya Latin ba. Zeli Geran ta nemi zama sista, ita ma ba a karɓe ta ba, ta koma sana'ar saƙar leshi. Kowannensu ya ɗauka an rufe masa ƙofar kira. Sai a 1858 su ka gamu a kan gada a garin Alanson, su ka yi aure cikin watan Yuli na shekarar, shi yana da shekara 34, ita 26. Sun haifi 'ya'ya tara, huɗu su ka mutu suna ƙanana, biyar ɗin da su ka rayu duk sun zama sistoci, autarsu ita ce Waliyya Teresa ta Yesu Jariri. A ran 18 ga Oktoba 2015 Paparoma Faransis ya sa su biyu cikin waliyyai rana ɗaya.

Amma kada wani ya fake da wannan darasi. Akwai jira na bangaskiya, akwai kuma na girman kai. Mutum ya biya sadaki, ya ɗauki mace, sun haifi uku, shekara goma ba su karɓi Jikin Ubangiji ba, ka tambaye shi sai ya ce yana jiran lokacin Allah. Abin da ya ke jira kuwa kuɗin farar riga ne, da sa, da ɗakin taro, da makaɗa. Abin da Ekklesiya ta ke bukata shi ne mutum biyun, da Fada ko dikin, da shaidu biyu, bayan an yi koyarwa da sanarwa. Ana iya ɗaura shi a Masa ta asuba ranar Talata. Ga irin wannan mutum, lokacin ya riga ya yi tun tuni. Haka kuma saurayin da ya riƙe 'yar mutane shekara shida da alkawari, bai ce i ba, bai sake ta ba. Manomi ya kan jira ruwa, amma ba ya jira da gona ba shara, iri ba a tanada ba. Wanda ya ke jiran aure ya koyi sana'a, ya bar sha, ya riƙe tsarkin jikinsa, ya zo furcin zunubi, ya sami dattijo ɗaya da zai iya gaya masa gaskiya.

Tambayoyi domin tattaunawa. Me ya sa bawan Ibrahim ya yi shiru yana kallo, alhali abin da ya roƙa ya fara cika? A garinku, waɗanne kayan biki ne su ke hana mutane zuwa gaban bagade, wa kuma ya ke da ikon rage su? Idan 'yarka ta ƙi mijin da ka riga ka karɓi sadakinsa, ƙaƙa za ka yi? Dattawan da su ke wurin su faɗi shekara nawa su ka jira, da abin da ya riƙe su a lokacin.

A rufe da addu'a domin waɗanda su ke jira, ba tare da an ambaci sunan kowa ba. Mako mai zuwa a zo an karanta Tobit sura 8 da Yohanna 2:1-11.