A Duba Ruwa Da Mai Kafin A Kira Makaniki

Kaka ta yi, motoci sun shiga jigilar amfanin gona. Sau da yawa mota takan tsaya a daji da lodin tumatir, kaya su ruɓe, alhali kuwa ruwa ne ko mai ya ƙare. Saboda haka in mota ta soma ciwo, kafin a kwance ko noti ɗaya, sai a duba abu huɗu.

Na farko, baƙin mai. A tsai da mota inda ba gangara, a kashe inji, a dakata kamar minti 10. Sa'an nan a zaro geji, a goge, a mayar, a sake zarowa. Wajibi ne mai ya tsaya tsakanin zane biyun nan. In ya yi fari-fari kamar an zuba madara, ruwa ya shige shi, galibi gaskit ne ya ƙone. Kada a ƙara tafiya.

Na biyu, ruwan lagireto. Kada a kuskura a buɗe murfi inji yana da zafi. Ruwan a matse yake, zafinsa yakan wuce digiri 100 bai tafasa ba, da an buɗe sai ya feso a fuska. Ruwan rijiya yakan bar dasƙararren farin gishiri ya toshe bututu. Ruwan kanti mai launi ya fi, don yana hana tsatsa, amma guba ne, a nisanta shi da yara da dabbobi.

Na uku, man birki. In ya ragu, ko dai takalman birki sun cinye, ko akwai yoyo. A zuba irin wanda aka rubuta a murfi, watau DOT 3 ko DOT 4. Baƙin mai yana kumbura robar birki, birki ya ƙi ci.

Na huɗu, gas ɗin na'urar sanyaya mota. Shi ba ƙone shi ake yi ba, zagayawa yake yi. In iska ta daina sanyi, aka kuwa ga danshin mai a mahaɗar bututu, to, ya tsiyaye. Ba a auna shi da ido, sai makaniki ya sa agogon gwaji. Tsohon gas R12 an hana yin sa bisa yarjejeniyar Montreal ta 1987, R134a ya maye gurbinsa, sababbin motoci da yawa kuma R1234yf suke ɗauka. Ba a gauraya su.

Abin lura shi ne, ƙari ba magani ba ne, sai an gano inda ke yoyo. Mai mota ya shimfiɗa kwali ƙarƙashin inji da dare, da safe ɗigon da ya gani zai nuna masa wurin. Farin ruwan da na'urar sanyi ke ɗigarwa kuwa, wannan ba ciwo ba ne.